Wata takwas ina raka ƙanina asibitin yaye masu shaye-shaye, ga abun da na gani

Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan abun, sai in fara in goge, dan gaskiya ba irin maganar da mutum yake so a san gidansu da ita ba ce. To amma lokacin da muke fafutukar neman inda zamu kai yaron nan babu wanda ya zauna ya bamu labarin yadda irin waɗannan wuraren suke daga ciki, sai wai-wai da ance-ance, shi ya sa nace bari dai in daure ko wani zai amfana. Bazan faɗi sunan wurin ba, bazan faɗi sunan ƙanin nawa ba, shi kansa ya karanta kafin in saka yace ba komai in dai ba a sa hotonsa ba. Asibiti ne na je-ka-ka-dawo, ba kwantarwa ake ba sai in abu yayi tsanani, kuma suna karɓar masu ƙwaya da masu giya duk a ƙofa ɗaya.

Shi dai ƙanina ba a majalisar banza ya koyo ba, abun da yake ci min rai kenan har yau. Karaya yayi a ƙafa aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe, aka sallamo shi da taramol na rage zafi. Ƙafa ta warke, ƙwaya bata tafi ba. Daga taramol ya haɗa da kodin, daga nan kuma duk abun da ya samu in dai dangin ofiyom ne, wato magungunan rage zafi masu ƙarfi da ke bugarwa, shekara uku muna cikin wannan halin, biyun farko ma bamu sani ba, muna ta cewa yaron nan ya zama mai son bacci da saurin fushi. Daga baya na ci karo da wani bincike da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fitar a 2017, wai cikin waɗanda aka rubuta wa irin wannan magani na aƙalla kwana ɗaya kusan kashi 6 cikin 100 suna nan suna sha bayan shekara, in aka bada na kwana takwas ko fiye ya haura kashi 13, in kuwa na wata guda ne ko fiye to kusan kashi 30 ne. Shi na sati shida aka bashi. Da na ga wannan lissafin sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Mun gwada na gida, kar ma ku tambaya. Mun kulle shi a ɗaki kwana biyar, ni da kaina na riƙe makullin, yana amai yana gudawa yana roƙona da Allah da Annabi, yana cewa Yaya ƙasusuwana ne ake sarawa. Ya fito fes muka ce shikenan an gama, sati biyu bai cika ba ya koma. Tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya, fitowar ce aiki.

Ranar farko a asibitin ba magani aka bamu ba, hira ce. Wata likita ta zauna da shi kusan awa ɗaya ni ina waje, sannan aka kira ni. Abun da ya fara burge ni shine bata yi masa wa'azi ba, bata ce kai ko kunya baka ji ba, tambayoyi kawai take yi kamar mai auna hawan jini, nawa kake sha a rana, yaushe ka sha na ƙarshe, kana haɗawa da maganin bacci ko giya, ka taɓa faɗuwa kana jijjiga. Ashe taramol in yayi yawa yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya, kuma ya taɓa yi sau ɗaya a banɗaki bai gaya wa kowa ba, a ranar na fara ji. Aka ɗebi jini aka duba hanta da ciwon hanta da sauransu, aka karɓi fitsari. Sannan tace ya koma gida, kar ya sha komai, ya dawo washegari lokacin da ciwon yankewa ya riga ya kama shi sosai. Nace Likita ai wannan ciwon muke gudu, ya za a ce ya jira shi? Tace Yayansa maganin da zamu bashi bufurenofin, in ya tarar da waccan ƙwayar tana zaune a gurbinta a ƙwaƙwalwa to ture ta zai yi da ƙarfi, ciwon da zai zo a hankali cikin kwana guda sai ya faɗo masa cikin minti talatin, dole sai gurbin ya fara zama fanko tukunna.

Haka muka dawo da safe yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ido na hawaye ba kuka yake ba, tsikar jikinsa duk ta tashi kamar kazar da aka fige, ƙafafun nan sun kasa zama wuri ɗaya sai karkaɗa su yake. Wata nas ta zo da takarda tana bashi maki, ta haska idonsa ta ga ƙwayar idon ta buɗe, ta sa ya miƙa hannu ta ga rawar, ta ƙirga bugun zuciya, tace to ya isa. Ta bashi ƴar ƙwaya ƙarama tace ba haɗiyewa ake ba, a ƙarƙashin harshe zaka sa ta narke, kar ka yi magana kar ka haɗiyi yawu da gangan. Muka zauna. Ni dai agogon bango nake kallo. Wajen minti arba'in sai na lura ƙafar ta daina rawa, ya jingina da bango ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya juyo yace Yaya yunwa nake ji. Wallahi shekara uku rabon da in ji wannan muryar, ba ta maye ba ba ta ciwo ba, muryarsa ta asali. Na fita waje kamar zan amsa waya dan kar ya ga fuskata.

A wannan safiyar ne kuma abun da ya sa na canza tunani kan giya ya faru. Muna zaune tun kafin a buɗe, mu ne na biyu a layi, sai ga wani dattijo ɗansa ya riƙo shi, mutum mai kamala da shigarsa tsaf, amma hannunsa na rawa har ya kasa riƙe katinsa, gumi ya jiƙa masa wuya, yana ta kaɗe hannun rigarsa kamar akwai kiyashi a kai. Nas ɗin nan tana ganinsa ta bar mu ta ruga, Baba yaushe rabonka da sha? Ɗan yace yau kwana biyu, mu muka kwashe kwalaben muka zubar. Nan take aka kawo keken marasa lafiya aka yi ciki da shi. Ni kuwa raina ya ɓaci, ga ƙanina yana murƙususu an tsallake mu saboda ɗan giya, har na yi ƙorafi. Da ta dawo tace min Yayansa kayi haƙuri, naka yana jin kamar zai mutu amma da wuya wannan ciwon ya kashe shi, wancan kuwa baya ihu amma zai iya mutuwa yau. Tace wanda jikinsa ya saba da giya sosai in ya yanke lokaci ɗaya jijjiga na iya kama shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wani gigi na iya zuwa, zazzaɓi da gane-gane da bugun zuciya, in ba a asibiti yake ba ana rasa rai. Shi ya sa su masu giya da yawa sai an kwantar da su an basu diyazefam, maganin kwantar da jiki, ana ragewa a hankali, da allurar bitamin B1 dan kare ƙwaƙwalwa. Ni da nake ganin giya ai wasa ce in aka haɗa ta da abun da ke damun gidanmu, ranar na kama bakina.

Tun daga nan wannan tambayar ta maƙale min, wai tsakanin ƙwayoyin nan da giya wanne ya fi kama mutum? Zaman jira yana da tsawo a wurin nan, zan zo kan wannan, dan haka na samu lokacin karance-karance da tambayar ma'aikata. Akwai wani tsohon bincike na Amurka na 1994 da ake yawan kawowa, cikin duk waɗanda suka taɓa gwada hiroyin, wadda ita ma dangin ofiyom ce, kusan kashi 23 cikin 100 ne suka kamu, giya kusan 15, hodar iblis 17, wiwi 9, sigari kuwa ita ce gaba da 32. Na yi mamaki, na zata hiroyin ko ɗanɗanawa kayi shikenan ka tafi. Tazarar bata kai yadda nake zato ba. Amma fa lissafin nan baya nuna saurin kamun, giya yawanci shekaru take ɗauka tana gina ramin, dangin ofiyom kuwa cikin ƴan makonni na shan kullum jiki ya riga ya saba har in ka tsaya sai ciwo. Kuma baya nuna tazarar da ke tsakanin abun da zai bugar da kai da abun da zai kashe ka, wadda a ƙwayoyin nan siririya ce ƙwarai, numfashi suke rage wa gudu har ya tsaya mutum yana bacci. Fentanil, wata ƴar dangin da ta addabi Amurka, ta ninka mofin, maganin rage zafi na asibiti, ƙarfi kusan sau 100, miligiram 2 na iya kashe wanda bai saba ba, abun da bai kai ƴan ƙwayoyin gishiri ba.

Sai kuma ka juyo ɗaya ɓangaren. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 giya tayi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, duk sauran miyagun ƙwayoyi a haɗe kuma wajen dubu 600, mafi yawansu ta dalilin dangin ofiyom. A 2010 Farfesa David Nutt na Ingila da abokan aikinsa sun fitar da wani ma'auni a mujallar Lancet inda suka haɗa cutar da abu ke yi wa mai sha da wadda yake yi wa mutanen da ke kewaye da shi, giya ta zo ta ɗaya da maki 72, hiroyin 55. Masu son a halatta komai suna son wannan lissafin kamar me, ka ji suna cewa to ga shi abun da yafi ɓarna shi ake sayarwa a fili. Ni dai ina ganin akwai zamba cikin aminci a yadda suke kawo shi, dan giya ta samu makin nan ne da yawa saboda ɓarnar da take yi wa wasu, haɗarin mota da duka a gida da rigima, kuma masu shanta sun ninka masu hiroyin nesa ba kusa ba. A ɓangaren cutar da mai sha shi kansa, hiroyin tana gaban giya a wannan ma'aunin dai. Wato in ka tambaye ni wanne yafi cin al'umma zan ce giya, in ka tambaye ni wanne nafi tsoron ya shiga jikin ɗana gobe zan ce ƙwaya, kuma bana jin na yi tufka da warwara. Wani abun da ya ɗaure min kai ma, akwai magani ɗaya naltirekson da ake ba masu giya da masu ƙwaya duka, dan ashe wani ɓangare na daɗin da giya ke bayarwa ta wannan gurbin na ofiyom yake bi a ƙwaƙwalwa. Ƴan uwan juna ne ta wata fuskar.

Mu koma kan asibitin. Rigimar farko da muka sha a gida da Umma ce, da ta ji cewa shi ma maganin da ake bashi ɗan dangin ofiyom ne tace au, ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu kenan, kun cire shi daga ƙwayar titi kun sa shi a ta likita. Ni ma a raina haka nake gani. Na kai ta wurin, kuma a nan zan yaba musu, likitar ta zauna da ita ta yi mata bayani ba tare da raini ba. Tace Mama wannan yana kama gurbin ne ya riƙe gam amma rabin buɗewa yake yi, yana da iyakar da in ya kai ko an ƙara baya ƙara danne numfashi kamar sauran, yana daɗewa a jiki kwana guda ko fiye dan haka babu hawa da saukar nan da ke sa mutum ya wuni yana farautar na gaba. Tace abun da muke aunawa shine yana tashi da safe, yana zuwa aiki, yana raye. Shi bufurenofin ɗin da wani maganin yaye irinsa mai suna metadon suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, kuma bincike da yawa sun nuna suna rage mutuwar masu wannan larura da kusan rabi. Faransa ta ba likitocin unguwa damar rubuta bufurenofin a tsakiyar shekarun 1990, cikin ƴan shekaru mutuwar zarce ƙima, wato ta shan ƙwaya fiye da abun da jiki zai ɗauka, ta faɗi da kusan kashi 80 cikin 100. Umma dai bata ce ta yarda ba, cewa tayi Allah ya sa mu dace, amma tun daga ranar ita ke tuna masa lokacin zuwa.

Abu na biyu da zan basu cikakken maki a kai shine feshin hanci na nalokson, mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, wanda a Amurka aka fi sani da Narcan har ma tun 2023 ake sayar da shi can ba sai da takardar likita ba. Sun bani guda biyu, suka koya min da ɗan mutum-mutumi, in ka same shi baya farkawa, numfashi sama-sama ko yana wani irin minshari, leɓe ya canza kala, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ka kwantar da shi ka zura a hanci ɗaya ka danna sau ɗaya, ka kira motar asibiti, in minti biyu zuwa uku bai motsa ba ka fesa na biyun a ɗaya hancin. Suka ja min kunne cewa aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar na iya fin sa daɗewa mutum ya sake suma, dan haka ko ya farka yana masifa sai an kai shi asibiti. Kuma baya aiki a kan giya. A nan ne ma nas ɗin ta faɗa min maganar da ta sa gwiwata tayi sanyi, wai kullewar da muka yi masa a ɗaki ita ce mafi haɗarin abun da muka taɓa yi, dan bayan kwana biyar jiki ya sauke sabon da yayi, in ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da to shi ne ake samun gawa. Shi ya sa waɗanda suka fito daga kurkuku suke yawan mutuwa a sati biyun farko. Ni da makulli a aljihu ina ganin taimako nake.

To yanzu ɓangaren da basu kyauta ba, kuma yana da yawa. Jira. An rubuta maka ƙarfe tara ka shiga sha ɗaya da rabi, kullum, ba sau ɗaya ba. Watannin farko dole kullum ya je ya sha a gabansu, kuma tagar bada maganin da safe kawai take buɗewa, daidai lokacin da mai aiki ya kamata yana wurin aiki, wato kuna cewa mutum ya koma rayuwa kuna kuma hana shi riƙe aikin, sai da ya kusa rasa wanda ya samu da ƙyar kafin suka yarda suka fara bashi na sati ya tafi da shi gida. Akwai wani a teburin karɓar baƙi da yake ƙwala kiran cikakken sunan mutum a gaban kowa har da ƙarin wai na fitsari ya zo nan, a wurin da rabin mutane sun rufe fuska dan kar a gane su, na yi magana sau biyu ba abun da ya canza. Lambar wayarsu ado ce. Likita kuma yau wannan gobe wancan, mai kirkin nan ta farko sau huɗu kawai muka ganta cikin wata takwas, kowane sabo sai ka faro masa labari daga karayar ƙafa. Mafi muni, akwai satin da maganin ya yanke musu kwana biyu, babu wanda ya kira ya sanar, mutane suka zo suka tarar da takarda a manne a taga. Ka ɗora mutum a kan magani irin wannan sannan kace babu, ina kake so ya nufa? Mu Allah ya taimake mu yana da ragowar kwana ɗaya ya rarraba, amma akwai fuskoki biyu da na saba gani a layi da ban sake gani ba tun daga satin. Sannan babu wanda ya gaya mana maganin na iya cin haƙori tunda a baki yake narkewa, alhali hukumar magunguna ta Amurka tayi gargaɗi kan haka tun 2022, a kurkure baki da ruwa bayan ya narke a jira awa ɗaya kafin a goge, ni na gano da kaina bayan ya fara kukan haƙori. Taurin bayan gida da yawan gumi kam sun faɗa mana.

A wata na huɗu ya zame. Gwajin fitsari ya nuna, shi ma bai musa ba, wani tsohon abokinsa ya haɗu da shi. Ni na zata korarsa za a yi ko a kira hukuma, har na fara shirya abun da zan gaya wa Umma. Likitan ranar yace to, me ya faru a satin, suka yi magana, aka ɗan ƙara masa adadin magani aka mayar da shi zuwan kullum na sati uku, shikenan. Ya fito yana ce min Yaya da na san ba kama ni za a yi ba da tun ranar na faɗa. Wannan maganar tasa ce ta jefa ni cikin muhawarar halatta ƙwayoyi, wadda a da nake ganin ta ƴan iska ce kawai masu neman a sakar musu mara.

Abun da na fahimta shine kalma ɗaya ake amfani da ita ana nufin abu uku. Fotugal da kowa ke kafa misali da ita bata halatta komai ba, a 2001 cire hukuncin laifi tayi a kan wanda aka kama da abun da bai wuce na shan kwana goma ba, maimakon kotu sai a tura shi gaban wani kwamiti mai ma'aikacin lafiya da na jin daɗin jama'a da masanin doka, mai sayarwa kuwa har gobe ɗauri ne. Kuma sun zuba kuɗi a magani, yaɗuwar ƙanjamau tsakanin masu allura ta faɗi ƙasa sosai, mutuwar zarce ƙima tasu tana cikin mafi ƙanƙanta a yammacin Turai. Jihar Oregon a Amurka ta kwaikwayi rabin abun a ƙuri'ar 2020, tarar dala 100 ko ka kira wata lamba a yafe maka, amma kuɗin wuraren magani ya makara, fentanil kuma ta shigo daidai lokacin, mutane suka gaji da ganin ana sha a bakin titi, a 2024 aka dawo da hukuncin. Suwizalan ita kuma wata hanya ta bi, tun 1994 take ba waɗanda duk wani magani ya gagara hiroyin ta asibiti su yi a gaban nas, ƴan ƙasar suka amince da tsarin a ƙuri'ar 2008. Duk cikin ukun nan babu inda aka jera ƙwaya a kanti kamar lemo.

Masu cewa a sake ta kamar giya suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, abun da ya biyo baya ƴan fasa-ƙwauri ne da giyar da ake haɗawa a ɓoye tana makantar da mutane tana kashewa, kuma mai fasa-ƙwauri kullum abu mai ƙarfi a ƙaramin mazubi yake so, haka aka tashi daga hiroyin aka koma fentanil, mai saye bai san abun da ke cikin ƙullin ba. Gaskiya ne. Amma ni ƙanina ba a lungu aka fara bashi ba, da takarda da hatimi ya karɓa. Kuma an riga an gwada sakin irin wannan kaya a hannun ƴan kasuwa, kamfanin Bayer ya sayar da hiroyin a matsayin maganin tari tun 1898, kamfanin Purdue ya fito da OxyContin, wani maganin rage zafi ɗan dangin ofiyom, a 1996 yana gaya wa likitoci haɗarin kamuwa kaɗan ne, a 2007 ya amsa laifin yaudara a kotu aka ci shi tarar wajen dala miliyan 600, zuwa 2021 masu mutuwa da zarce ƙima a Amurka sun haura dubu 100 a shekara. Giyar ma da ake cewa a yi koyi da ita, miliyan 2.6 ɗin nan ai a ƙarƙashin halaccin doka ta kashe mafi yawansu. Dan haka ni inda na tsaya, kar a ɗaure mai sha, ɗaurin baya yaye kowa sai ma ya fito jiki ya sauke sabo ya mutu a satin farko, amma kar a ba mai neman riba lasisin tallata abun da ke kama mutum cikin sati uku. Wanda yake ganin ba haka ba bismillah, amma ya fara zuwa ya zauna a bencin nan na safiya ɗaya.

Akwai zaman rukuni da suke yi duk sati, masu giya da masu ƙwaya a haɗe. Da farko ƙanina ya tsane shi, yace kowa sai kallon na kusa da shi yake yana ganin ai ni ban kai wannan lalacewa ba, masu giya na ganin su ba ƴan ƙwaya bane, masu ƙwaya na ganin su ko ba komai basa warin kwalba. Yanzu kuma shi ke riga ni shiryawa. Mai jagorantar zaman ta taɓa basu labarin sojojin Amurka a Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da hiroyin a can, amma da suka koma gida binciken wata masaniya Lee Robins ya gano ƙalilan ne ƙwarai suka koma mata a shekarar farko, dan wuri ya canza, abokai sun canza, abun da ke sa su sha babu shi. A dalilin wannan labarin ya canza layin waya ya daina bin wata hanya da ya saba bi in zai dawo daga aiki, abun da na shekara ina roƙonsa yayi bai yi ba. Zaman iyalai kuwa da suke yi sau ɗaya a wata ba wani abun kirki, takarda ake karanto mana wadda da an bamu mun karanta a gida.

Dattijon nan na ranar farko yana nan, sunan da suke kiransa a rukunin Baba kawai. Shi ma ya zame sau biyu, na biyun sai da aka sake kwantar da shi. Ranar nan na gan su a benci shi da ƙanina suna gardama kan wanda cikinsu yafi shan wuya, Baba na cewa yaro kai naka sai ka nemo, ni nawa a kowace kwana yana min murmushi cikin firji, ƙanina na cewa Baba kai ai shekara talatin ta baka, ni uku kawai aka bani saura ƙiris.

In maki ne zan basu uku da rabi cikin biyar, likitoci da nas-nas da maganin kansa biyar, tsarin gudanarwa biyu da ƙyar. Wanda zai je ya tambaya tun ranar farko yaushe ake fara bada na tafiya gida, me suke yi in magani ya yanke, kuma kar ya fito ba tare da feshin hancin nan ba ko da basu ambata ba. In kuma naku giya ce ta kama shi sosai dan Allah kar ku zubar da kwalabe ku kulle ƙofa, ku kai shi a yanke masa a gaban likita. Mu dai har yanzu ba a fara maganar rage masa adadin ba, likita yace ba gaggawa, wasu shekara wasu fiye, Umma ce kawai ke tambaya duk wata. Jibi muna da zuwa ƙarfe tara, zan tafi da caja da abun karantawa, kuma in tuna in nemi sabon feshi dan na jakata ya kusa ƙarewar wa'adi ban taɓa buɗe shi ba.